Magnetic field da Hausa: ni dai "kwarjinin maganaɗisu" nake goyon baya, ga dalilina

Jama'a assalamu alaikum. Malaman fiziks da masu fassara da duk mai kishin harshen nan, ku matso don Allah, akwai kalmar da ya kamata mu tsayar da magana a kanta, wato magnetic field. Rabin farko ba shi da matsala, maganaɗisu muna da shi tun tuni daga Larabci, wasu kuma su ce mayen ƙarfe. Wannan field ɗin ne ciwon kai. Yawancin abin da nake gani a rubuce "filin maganaɗisu" ne, kuma gaskiya ban gamsu da shi ba ko kaɗan.

Kafin a ce na cika tsirfa bari mu fara duba shi kansa abin da muke son raɗa wa suna. A 1820 a birnin Kopenhagen na ƙasar Denmak, Hans Christian Oersted ya lura cewa idan wutar lantarki na bi ta cikin waya, allurar kamfas da ke kusa da wayar sai ta kauce daga arewa, kuma ba wajen wayar take nufa ba, gicciye take neman yi mata. Ka juya batir, allurar ta juya ɗaya gefen. Ka cire batir ta koma arewarta. Babu abin da ya taɓa ta, babu zare babu iska. To wani abu ne kenan ya mamaye wurin da ke kewaye da wayar, sama da ƙasa da kowane gefe, yana zagaya ta zobe-zobe, kuma a duk inda ka ajiye allurar yana da yawansa yana da inda ya fuskanta. Wanda ya taɓa soka waya a tsakiyar kwali ya barbaɗa garin ƙarfe ya ɗan ƙwanƙwasa kwalin ya ga zobban nan da idonsa. Wannan abun ne ake nema wa suna.

To shi fili a kunnen Bahaushe mene ne? Shimfiɗaɗɗen wuri ne, ƙasa ce, filin ƙwallo, filin idi, filin da za ka saya ka yi gini, kuma yawanci ma wurin da babu komai a cikinsa ake ce wa fili. Ka ce wa yaron SS2 "filin ya fi yawa kusa da waya, yana raguwa in ka yi nisa" ka ga yadda zai kalle ka, don a saninsa kana yin nisa fili ke ƙara faɗi. Kalmar tana koya masa kishiyar darasin. Na san Turawa haka suka yi, Michael Faraday ne ya yaɗa kalmar a Ingila, Faransawa suka ce champ wanda 'yan'uwanmu na Nijar suka sani a makaranta, Larabawa ma suna cewa haƙl ko majal. Amma don kowa ya bi hanya ɗaya ba shi ne ya wajabta mana ba, su yaransu sun saba ji tun suna ƙanana har asalin ma'anar kalmar, wato fili ko gona, ta goge, mu kuma yanzu ne muke aza tubalin, me zai sa mu fara da karkatacce.

Wani malami a cikin masu tattauna wannan magana ya kawo shawarar a ce "da'irar maganaɗisu". Malam na gode, kuma a kan miƙaƙƙiyar waya guda ɗaya ya yi daidai ɗari bisa ɗari. Matsalar ita ce da zarar ka naɗe wayar ta zama kwayil mai tsawo, irin wanda ake zura ƙusa a ciki ta zama maganaɗisu, to layukan da ke cikin kwayil ɗin miƙaƙƙu ne suna tafiya a jere, ba da'ira ba. Sunan zai mutu a babi na gaba.

"Hurumin maganaɗisu" kuwa wallahi ya burge ni, na daɗe ina juya shi, saboda yana ɗauke da ma'anar inda ikon abu ya kai, kamar yadda muke cewa wannan ba huruminka ba ne. Abin da ya hana ni shi ne hurumi yana da iyaka, ka taka nan kana ciki ka taka can ka fita. Shi wannan abu ba shi da katanga. A gefen doguwar waya in ka ninka nisa sau biyu ya ragu zuwa rabi, ka ninka sau goma ya koma kashi ɗaya cikin goma, haka zai yi ta sirancewa amma babu wani layi da za ka ce nan ya ƙare. Lissafin shi ne B = μ₀I/2πr, inda B ke nufin yawan abin, I yawan wutar da ke cikin wayar, r nisa daga wayar, μ₀ kuma tsayayyen adadi ne da ba ya canzawa. Amfiya 1 (ma'aunin yawan wuta) a nisan santimita 1 yana ba da maikrotesla 20 (ma'aunin B kenan), na duniya kuma da ke juya kamfas yana tsakanin 25 zuwa 65 ya danganta da inda kake, shi ya sa in kana gwajin Oersted a aji dole ka kusanto da wayar sosai ko ka ƙara wuta, in ba haka ba allurar ɗan motsi kawai za ta yi yara su ce ba ya aiki.

Shi ne na zo kan kwarjini. Ku gwada shi a jimla ku ji. Waya mai ɗauke da wuta tana da kwarjini. Kwarjinin ya fi yawa kusa da ita, yana raguwa da nisa. In ka ƙara wuta ya ƙaru, in ka kashe ya tafi. Babu jimla ɗaya a nan da ta yi wa kunne nauyi, kuma ba a ganinsa sai dai a ga aikinsa a jikin wanda ya shigo.

Amma babban dalilina ma ba wannan ba ne. Babban abin da ke kayar da ɗalibai a wannan babin shi ne cakuɗa field da force, wato ja ko turin da ake yi wa abu, kuma Hausa tana ƙara dagula musu don komai ƙarfi muke ce masa. In ka ce "ƙarfin filin maganaɗisu" yaro bai san ko yawan abin kake nufi ko jan da yake yi ba. Kwarjini ya raba gardamar nan da kansa. Sarki yana da kwarjininsa ko da fada babu kowa, sai wani ya shigo gabansa ne gwiwa za ta yi sanyi. Haka waya ɗaya tilo tana da kwarjini amma babu wanda take ja, sai ka kawo ta biyu ita ma da wuta a ciki sannan ƙarfi ya bayyana. André-Marie Ampère ne ya nuna haka a Faris a cikin wannan shekarar ta 1820, wayoyi biyu a jere in wutarsu ta nufi waje ɗaya suna jan juna, in ta saɓa suna ture juna. Ƙarfin ɗan mitsitsi ne, amfiya 1 a kowace waya da tazarar mita 1 yana ba da niyuton (ma'aunin ƙarfi) 2 × 10⁻⁷ a kowace mita ta tsawon waya, amma da shi aka riƙa bayyana ma'anar amfiya a duniya tun daga 1948 har aka sauya a 2019. Kun ga kenan sai mu bar wa force kalmar ƙarfi ita kaɗai, shi kuma B mu ce yawan kwarjini, tunda dama kwarjini da yawa ake auna shi a bakinmu.

Akwai ɗan'uwa mai aikin wayarin da ya ce shi duk wannan bai shafe shi ba. Ya shafe ka mana Oga. Mitar nan da kake maƙalawa a wuyan waya ka karanta amfiya ba tare da ka yanke ta ba, kwarjinin wayar take aunawa. Kuma ka san in ka haɗa wayoyin biyu, mai kai wuta da mai dawo da ita, ka maƙala a tare kusan sifili za ta nuna maka, dalili kuwa wutar ɗaya tafiya take ɗaya dawowa, kwarjininsu ya kashe juna. In yaron shagonka ya tambaye ka me ya sa, ga amsa cikin Hausa tsaf ba sai ka ce masa haka abin yake ba.

Inda kalmar take da rauni, kuma wata malama ta faɗa gaskiya ne, kwarjinin mutum ba shi da alkibla, wannan kuwa yana da ita, kuma alkiblar ce rabin darasin. Ka kama waya da hannun dama babban yatsa na kallon inda wuta ta nufa, sauran yatsun da suka naɗe su ne ke nuna inda yake zagayawa. Sannan ƙarfin da yake yi wa wata wayar ba ta gabansa yake tura ta ba, ta gefe ne, a gicciye da shi da wutar baki ɗaya, wanda shi ne ke juya fanka da injin markaɗe mai lantarki. Amsata ita ce fili ma ba shi da alkibla, hurumi ma haka, duk wadda muka ɗauka sai mun koya wa yaro wannan daban. "Alkiblar kwarjini" da "layukan kwarjini" sun zauna a baki, kuma gobe in an zo electric field sai mu ce kwarjinin lantarki ba sai mun sake zama ba.

Masu tsoron jarrabawa, ba cewa na yi a daina koyar da kalmar Turancin ba, WAEC da NECO da JAMB da ita za su tambaya, a rubuta ta a allo yadda take. Bayanin da ake yi da baki bayan an rubuta, wanda dama a yawancin azuzuwanmu da Hausa ake yinsa, shi nake so ya samu kalma mai kyau. Malaman da ke da aji a wannan zangon ku gwada kwarjini a kan ɗalibanku, ku tambaye su bambancinsa da ƙarfi bayan darasi, ku dawo nan ku faɗa mana abin da suka ce. Flux kuma, wato adadin layukan kwarjini da ke ratsa wani wuri, a bar shi sai rubutu na gaba, don shi ma akwai rigima.