Wayar teku: yanke ta aka yi ko tsinkewa ta yi?

Mai Ƙorafi: Assalamu alaikum, jama'ar wannan zaure. Ina so wani ya gaya mini dalilin da zai sa kamfanin sadarwa ya karɓi kuɗin mutum cif, sannan idan intanet ta ɗauke ya turo saƙon ban haƙuri cewa matsalar daga teku take, alhali wa'adin datar da aka saya yana ci gaba da ƙarewa. Haka aka yi mana ranar 14 ga Maris 2024, lokacin da aka yanke manyan wayoyin intanet huɗu na ƙarƙashin teku a gaɓar Afirka ta Yamma, bankuna suka kasa tura kuɗi, masu sana'a ta intanet suka naɗe hannu, kuma ni dai ba a ƙara mini ko yini ɗaya a kan wa'adina ba. Ra'ayina shi ne doka ta tilasta wa kamfanoni biyan diyya duk lokacin da haka ta faru.

Injiniya: Wa alaikumus salam. Malam, takaicinka yana kan hanya, amma ka gyara kalma ɗaya, domin babu wanda ya yanke wayoyin nan, tsinkewa suka yi. WACS da ACE da SAT-3 da MainOne duk sun lalace ne daura da Abidjan a Kodebuwa, kuma binciken farko da masu MainOne suka fitar ya danganta abin da motsin ƙasa a gindin teku, a zurfin da ya kai kusan kilomita 3. Mai nutso ba ya isa can, angar jirgi ma ba ta isa.

Dattijon Zaure: Injiniya, ruwa ba ya tsami banza. Wayoyi huɗu na kamfanoni daban-daban su mutu a rana ɗaya, makonni kaɗan bayan wasu uku sun mutu a Bahar Maliya, sannan a ce mana motsin ƙasa ne? Yaron nan bai yi kuskure ba, yankewa aka yi, kuma waɗanda suka shimfiɗa wayoyin sun fi kowa sanin inda suke kwance.

Injiniya: Baba, kamfanonin ne daban-daban, amma hanyar kusan ɗaya ce. A bakin Abidjan akwai wani ƙaton kwazazzabo a ƙarƙashin ruwa da ake kira Trou Sans Fond, kuma wayoyin da ke sauka a birnin sai sun bi ta kusa da shi. Idan laka da yashi suka zaftare daga gangarensa, sukan gangara da ƙarfin gaske su share duk abin da ke gabansu, ga shi wayar da ke zurfin teku kaurinta bai wuce na tiyon ban ruwa ba. Abin ba sabo ba ne: a 1929 girgizar ƙasa daura da Newfoundland ta tsinka wayoyin tangaraho 12 ɗaya bayan ɗaya, kuma a Janairun 2020 kwazazzabon bakin Kogin Kwango ya tsinka WACS da SAT-3 ta wannan hanya.

Malamar Tarihi: Ina ganin Injiniya ya matsa wa kalmar fiye da kima. A kowace shekara ana samun lalacewar wayoyin teku tsakanin 150 zuwa 200 a duniya, kuma mafi yawansu jiragen kamun kifi masu jan koma a ƙasan ruwa da angar jiragen dakon kaya ne ke jawo su. Na Bahar Maliya ɗin ma, abin da aka fi zargi shi ne angar jirgin Rubymar, wanda 'yan Huthi suka harba a Fabrairun 2024, ma'aikatansa suka fice, ya yi ta yawo a ruwa yana jan angarsa kafin ya nitse. Leburan da ya sare bututun ruwa garin haƙa ramin gini ai yankewa ya yi, ko da bai yi niyya ba.

Dattijon Zaure: Madalla, Hajiya ta tsaya a bayana. Ku ƙara da Tekun Baltik, inda ƙasar Finlan ta kama jirgin Eagle S a Disamban 2024 bisa zargin lalata wayoyi da angarsa. Idan Turawa da kansu suna zargin zagon ƙasa a tekunsu, me zai sa mu a ce mana ƙaddara ce?

Malamar Tarihi: Baba, ban tsaya a bayanka ba. Na ce hannun mutum yana cikin yawancin lalacewar, ban ce da gangan ba ne, kuma abin da ya faru a Baltik ba hujja ba ne a kan abin da ya faru a Abidjan.

Ɗan Zamani: Duk wannan gardamar ta tsohon yayi ce. Da jama'a sun koma Starlink, da a yanke da a tsinke duk ɗaya ne a wurinsu, tunda tauraron ɗan'adam ba shi da waya a teku.

Injiniya: Ƙanena, fiye da kashi 95 cikin ɗari na bayanan da ke ratsawa tsakanin nahiyoyi ta wayoyin teku suke bi, kuma tauraron ma sai ya sauke saƙonka a wata tasha ta ƙasa wadda ke haɗe da waya. Da dutse ya yi aman wuta a Tonga a Janairun 2022 ya tsinka wayarsu guda ɗaya tilo, tauraro ya ɗan rage musu zafi ne kawai, sai da suka yi kusan mako biyar kafin a gyara.

Dattijon Zaure: Kowa ya lura da yadda Injiniya ke da amsar kowace tambaya a aljihu. Ba laifinsa ba ne, wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski, kuma mun san a wane ɓangare yake karɓar albashi.

Injiniya: Baba, ina ganin girmanka, amma wannan magana ba ta dace da kai ba. Inda nake aiki bai canza zurfin teku ba. Da kun san wahalar gyaran da ba ku yi wa mutane ƙazafi ba: sai jirgi na musamman irin Léon Thévenin ya taso tun daga Cape Town, a auna inda hasken da ke ɗauke da saƙonni ya tsaya a cikin zaren gilashin wayar, a jefa ƙugiya a lalubo bakin wayar a ɗago shi, a haɗa zaren gilashi masu sirantar gashin kai ɗaya bayan ɗaya a cikin jirgi, sannan a mayar. Irin waɗannan jirage kaɗan ne a nahiyar, shi ya sa gyaran 2024 ya ɗauki makonni.

Ɗan Zamani: To, idan laka ce, me ya sa wayar Equiano ta Google, wadda ta sauka Legas a 2022, ba ta mutu ba?

Dattijon Zaure: Yaro ya yi tambayar manya. A amsa masa.

Injiniya: Domin ba ta sauka a Abidjan ba, ta wuce ta can cikin teku, kuma ta kanta aka karkatar da bayanai masu yawa a lokacin.

Mai Ƙorafi: Jama'a, ni maganar diyya na kawo, har yanzu babu wanda ya taɓa ta.

Shugaban Zaure: Zan rufe wannan zance a nan saboda ya fara taɓa mutunci. Abin da ya fito fili shi ne Injiniya, wanda shi kaɗai ne masanin fannin a cikinmu, ya tabbatar da cewa tsinkewa ce daga Allah, kuma Hajiya ma a ƙarshe ta yarda babu ganganci. Baba ya faɗi ra'ayinsa, mun ji, sai dai bai kawo hujja ba. Tunda kuwa ba kamfani ne ya zaftaro lakar ba, batun diyya ya faɗi da kansa, kuma ina roƙon mai ƙorafi ya riƙa tauna kalmominsa kafin ya rubuta. Duk wanda ya sake ɗago maganar Starlink a ƙarƙashin wannan zance, zan goge saƙonsa.