Gaban mota ya sunkuya bayan sa bamba da winci: abin da aka tattauna

Jama'a, ga abin da na tsinta daga bayanan 'yan uwa kan abin da za a yi idan gaban mota ya sunkuya saboda nauyin bambar ƙarfe da winci (injin jan mota da igiya):

1. Kowa ya yarda a fara da awo. A auna daga tsakiyar taya zuwa bakin bodin da ke saman tayar kafin a ɗora bambar ƙarfe da winci, a sake aunawa bayan an ɗora.

2. Mafi yawa sun ce a canza sifirin na gaba da mai ɗaukar nauyi, a haɗa da shokozoba da ta dace da shi. Hilux daga 2005 sifirin mai murɗi gare ta a gaba. Tsofaffin masu toshan-ba (sandar ƙarfe mai aikin sifirin) ana iya ɗaure sandar kaɗan don ɗaga gaban, amma in aka wuce gona da iri mota ta yi tauri.

3. Nan aka rabu: wasu sun ce a sa sifesa (abin da ake sakawa a saman sifirin don ƙara tsayi) don ta fi araha. Wasu suka ce tsayi kawai take maidowa, ba ta ƙara wa sifirin ƙarfi. Ni ina tare da na biyun, musamman ga mai shiga yashin Tangaza da Gudu.

4. Wajen rage nauyin gaba kuwa, igiyar winci ta zare ta fi ta waya rashin nauyi, sai dai rana da yashinmu na cin ta.

5. Bayan aiki, a yi alaimen (saita tayoyi), a daidaita fitilu.