Kubernetes a gida kan Proxmox: kubeadm ko k3s?

Sabon Shiga: Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina son kafa Kubernetes, wato tsarin tafiyar da manhajoji a kan tarin kwamfutoci. Kwamfuta ɗaya ce, RAM 32GB, da Proxmox a kanta, wato manhajar da ke yanka kwamfuta ɗaya zuwa ƙananan kwamfutoci (VM). VM nawa zan yanka, kuma da wanne zan kafa Kubernetes ɗin, kubeadm ko k3s?

Injiniya: Wa alaikumus salam. Uku sun isa: ɗaya control plane (mai ba da umarni), biyu workers (masu tafiyar da manhajojin). kubeadm na neman aƙalla CPU 2 da RAM 2GB, amma ka ba kowace 4GB ta samu sararin numfashi.

Malamin Linux: Kafin a kai ga wannan, a kula da wajen kwafar VM, nan ne ake yawan tuntuɓe. Idan ka kwafi Ubuntu Server ɗaya sau uku, duk suna ɗauke da /etc/machine-id iri ɗaya, sai DHCP (mai raba adireshin IP) ya riƙa ba su IP guda, node (wato VM ɗin da ke cikin tarin) ta bayyana ta ɓace, ka yi ta zargin Flannel (mai haɗa sadarwa a cikin Kubernetes) alhali ba laifinsa ba ne. Ka share abin da ke cikin fayil ɗin kafin ka mai da VM ɗin template, ka canza wa kowace hostname, ka kafa mata IP tsayayye, domin takardun shaidar API server (ƙofar karɓar umarni a control plane) na ɗaure da IP ɗin. Sannan kashe swap, har a /etc/fstab, ka loda br_netfilter, ka kunna ip_forward. A containerd (mai tafiyar da containers) ka sa SystemdCgroup ya zama true. In ba haka ba pods, wato ƙunshin da manhajoji ke gudana a ciki, za su yi ta mutuwa suna tashi.

Mai Sola: Duk wannan wahala don me? k3s umarni ɗaya ne, ya zo da Traefik da ServiceLB, masu kai buƙatu daga waje zuwa manhajojinka.

Injiniya: Mai son koyo ya fara da kubeadm, Malam. k3s na ɓoye maka abin da ya kamata ka gani.

Mai Sola: To wanda ke son abu ya yi aiki kawai fa?

Hajiya Admin: Ku bar musun. Ƙanena, sa etcd, ma'ajiyar bayanan Kubernetes, a kan SSD, ba ya jure jinkirin faifai. Kuma ka haɗa injin da UPS ko inbata, ɗauke wuta yana tsaka da rubutu na iya lalata bayanansa.

Sabon Shiga: Na gode Hajiya. Worker ta ƙi shiga, wai token, wato lambar izinin shiga, bai da inganci.

Malamin Linux: Awa 24 yake yi ya mutu. Buga kubeadm token create --print-join-command, kuma ka duba ko port 6443 ta control plane a buɗe take.