Tallafin gwamnati da takardar makaranta: abin da muka gani a Kumasi, ƙasar Ghana

Tela daga Asawase:
Assalamu alaikum. Ina roƙon 'yan'uwa su faɗi abin da suka gani da idonsu game da tallafin da ake gindaya wa sharaɗin karatu. Bara na je wani ofishi neman jarin da aka ce ana ba masu sana'a, sai ma'aikacin ya tambayi matakin karatuna. Na sauke Alƙur'ani a makarantar allo, na shekara 12 a kan keken ɗinki, yara huɗu suna koyo a hannuna, amma takardarsa ba ta da gurbin da zai ɗauki ko ɗaya daga cikin waɗannan, don haka ya rubuta cewa ban yi karatu ba. Har yau ban sake jin ɗuriyarsu ba.

Malamin makaranta daga Aboabo:
Wa alaikumus salam, Yaya. Ni kam na ci moriyar irin wannan sharaɗi, kuma ba zan ɓoye ba. Na shiga NABCO, shirin gwamnati na ba da aikin yi da aka fara a 2018 domin waɗanda suka gama manyan makarantu, a lokacin ana biyan sidi 700 a wata, aka tura ni koyarwa. A nan sharaɗin yana da hujja, domin ba a tsayar da mutum gaban aji sai an san abin da ya karanta. Amma wannan ladan aiki ne, bai kamata a auna jarin tela da mudunsa ba.

Mai koko daga Sabon Zongo:
Malam ya yi gaskiya. Surukata tana ƙauye a Arewacin Ghana, ta haura shekara 65, tana karɓar kuɗin LEAP, shirin da aka soma tun 2008 don gidajen da talauci ya yi wa katutu. Ba ta san ko bihim a boko ba. Tsufanta da halin gidan aka duba, kuma duk bayan wata biyu yatsa kawai take dangwalawa ta karɓa.

Makanike daga Suame Magazine, unguwar makanikai:
Yaya tela, abin da ya same ka ya sami yarona, wanda yake sauke injin babbar mota ya mayar ba tare da ya bar ƙusa ɗaya a ƙasa ba. Da zai nemi tallafin kayan aiki, sai da muka biya wani ɗalibi ya cike masa takarda da Turanci. Na rubuta masa shaidar kammala koyon sana'a da hatimin ƙungiyarmu, aka karɓa aka ajiye a gefe, aka ce ya kawo ta sakandare.