Vernis: me za mu kira shi da Hausa?

Mai tambaya, Yamai: Salamu alaikum. Ina rubuta wa ƙanena na Tawa kayan da zai saya don ƙarasa ɗakin amaryarsa, ƙofofi biyu na jan katako da katakon gindin bango. Na rubuta buroshi, na rubuta samfefa, da na zo kan vernis, ruwan nan da ake shafa wa katako a ƙarshen aiki don ya kare shi, sai hannu ya tsaya. A kasuwar Katako kowa werni yake cewa. Ba mu da tamu kalmar ne?

Wata malamar makaranta: Wa alaikumus salam. Ka ce man sheƙi mana, ai an wuce wurin.

Kafinta, Katako: Malama, a yi mini haƙuri, ba kowane werni ke sheƙi ba. Akwai mai ƙyalli kamar madubi, akwai mai ɗan dishi-dishi, akwai wanda in ya bushe sai ka shafa hannu za ka san an sa shi. Kuma kalmar mai za ta rikita mu da man lin, wanda katako ke shanyewa. Werni bisa yake zama, ya yi wata fata siririya. Fenti ma fata yake yi, sai dai shi yana rufe zanen katako ruf, werni kuwa yana barin ka ga jijiyar icen.

Tsohon magini, Tawa: Yara, kun manta da makuba? Ɓawon ɗorawa ake jiƙawa, a yayyafa ruwan a daɓe ko a bango, ya yi duhu, ya yi ƙarfi, ruwa bai cinsa da wuri. Iyayenmu mata da ita suke gama daɓen ɗakin amarya. Ku ce makubar katako.

Mai tambaya: Baba, Allah ya ƙara girma, wallahi sunan ya yi mini daɗi a baki. Damuwata ɗaya: makuba rina abu take yi. Ita ta fi kama da abin da ake shafa wa farin katakon samba don ya yi duhu, wanda Faransawa ke kira teinte. In muka ba werni wannan suna, me za mu ba wancan?

Tsohon magini: To a bar wa wancan ɗin. Ban yi asara ba.

Malamar makaranta: Na janye sheƙi. Amma mu dubi asalin abin. Tun da can da ƙaron itatuwa ake yin vernis, a narka shi cikin mai. Akwai ma wani iri da ake samu daga wani ƙwaro a Indiya, a narka shi cikin alkol. Na gwangwanin yau galibi ƙaron masana'anta ne, irin su poliyuretan. Mu kuwa mun san ƙaro tun muna makarantar allo: shi ake zuba wa tawada ta kama, ta yi ƙyalli. Ƙaron katako fa?

Kafinta: Ƙaron tawada ruwa na narka shi, Malama. Namu kuwa don ruwa ake sa shi.

Malamar makaranta: Ba duk ƙaro ke narkewa a ruwa ba, shi ya sa na maje turare ake yi da shi, ba tawada ba. Kuma tunda mun ce na katako, ai mun raba gardama.

Mai tambaya: Ni dai na rubuta ƙaron katako, na sa werni a gefe don kada mai kanti ya miƙo wa yaron gam.

Kafinta: To shi ke nan, Yaya, mu gwada shi a aiki mu ji ko zai zauna. Ka ce wa ƙanenka ya goge ƙofar da samfefa mai lamba 120, ya bi da 180, yana bin tsawon jijiya, kada ya gitta, don duk ƙarzar da ya bari ƙaron zai fito da ita fili. Shafin farko a tsinka shi da ruwansa, wanda aka rubuta a jikin gwangwanin. In ya bushe zai ji katakon ya yi kaushi kamar gemun kwana biyu, sai ya bi da 240 a hankali, ya share da tsumma, ya sake shafawa. Shafi uku sirara sun fi ɗaya mai kauri, mai kauri hawaye yake zubarwa a kusurwoyi. Kuma iskar hunturun Adar ba wasa ba ce: ya yayyafa ruwa a ƙasa, ya rufe tagar gabas, ya bar ta yamma a buɗe saboda wari. Na rubuta ƙaro sau ɗaya, bakina bai karye ba. Gobe a shago dai werni zan ce wa yarana.