Na lalata alƙalamin kakanmu kuma Baba bai sani ba: tsohon zan nemo ko sabon fitowa?

Abban Sultan: Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah shawara nake nema, ku yi haƙuri da tsawon rubutun, kwana uku ke nan ban yi barcin kirki ba.

Kakanmu, Allah ya jiƙansa, akawu ne a zamanin En'e. Yana da wani alƙalami mai shan tawada, Parker 51, launin zoɓo, murfinsa na farin ƙarfe, a jikinsa an rubuta ƙirar Ingila ce. Baba ya ce tun kafin samun 'yancin kai a 1960 yake hannun kakan. Da ya rasu aka zo rabon gado, kowa idonsa na kan gona da gidan cikin gari, shi Baba alƙalamin ya ce a bar masa, har baffanninmu suna yi masa dariya. Shekara 35 ya yi yana koyarwa, da shi yake sa hannu a takardun sakamakon yara. Har yau aljihun farar rigarsa akwai ɗigon shuɗiyar tawada da Umma ta gaji da wankewa ta haƙura. Yana da wani baƙin littafi da yake rubuta haihuwa da aure da rasuwa na duk zuri'armu, ranar da sa'a, kuma bai taɓa sa biro a cikinsa ba. Ba ya ara wa kowa. Ni ma sai da na yi wata guda ina magiya, da aka yi mini ƙarin girma a wurin aiki, na ce ina so in sa hannu a takardar da shi don neman albarka. Ya miƙo mini yana cewa "ka san dai abin da na ba ka."

To, ya faɗi. Bakin ya lanƙwashe, robar da ta rufe bakin ta tsage. Na kai an taɓa, abin ya ƙara lalacewa.

Saura mako uku ɗaurin auren ƙanwata, kuma na san ranar zai buɗe littafin nan. Ɗan baffana da ke karatu a Ingila ya ce kamfanin ya sake fito da Parker 51 sabo a 2021, har da launin zoɓon, kuma akwai tsofaffin ma a gwanjon intanet. Wanne zan saya? Bambancin yana da yawa ne?

Maman Ilham: Wa alaikumus salam. Tsaya tukuna, ɗan uwa. Kana so ka saya ka ba shi haƙuri da shi ne, ko kana so ka saya ka ajiye masa kamar ba abin da ya faru? Don ba ka faɗa ba, kuma amsar ta danganta da wannan.

Injiniya Mai Ritaya: Ɗana, zauna ka ji. Na fi shekara 40 ina tara alƙaluma, Parker 51 kaɗai guda tara ne a durowata, saboda haka ba ji na yi ba. Suna ne kawai ya haɗa waɗannan biyun, kamar a sa wa jika sunan kakansa.

Na asalin ya shiga kasuwa a 1941. An gama tsara shi a 1939, shekarar da kamfanin ya cika 51 da kafuwa, don George Parker ya kafa shi a 1888 a garin Janesville na Amurka. Daga nan sunan ya samo asali. Abin da ya sa ya yi fice ba kyan jikinsa ba ne, abin da ke cikin kuben nan ne da ka tsaga, wato robar da ta rufe bakin. Bakin zinari ne karat 14, an naɗe shi kamar ƙaramin bututu, kuma an zura shi cikin wata aba mai siraran haƙora jere kamar matsefi. Ita ke tare rarar tawada idan zafin hannu ko na gari ya turo ta, ta riƙe ta daf da baki. Shi ya sa kana ɗora shi a takarda yake kamawa, kuma ba ya yi maka amai a aljihu. Jikin kuma Lucite ne, roba mai taurin rai, irin dangin wadda aka yi rufin jiragen yaƙi da ita a lokacin.

Na 2021 fa? Kuben yana nan don ado, amma wancan tsarin na ciki babu shi. Ƙaramin baki ne irin na sauran alƙaluman zamani aka ɓoye a ciki, na ƙarfe a mai araha, na zinari karat 18 a mai tsadar da suke kira Deluxe. Tawada kuma katirij, wato ɗan bututun roba cike da tawada, ake soka masa ko 'yar sirinjin zuƙowa. A Faransa ake yin sa, don masana'antar Newhaven ta Ingila da ta yi na kakanka ta rufe tuni.

Ga wanda zai tona maka asiri cikin daƙiƙa ɗaya: murfin tsohon zarewa ake yi, na sabon murɗawa ake yi. Mutumin da ya yi shekara 35 yana fizge murfi da hannu ɗaya, ka ba shi wanda zai ja ya ƙi fita? Tun kafin ya ce bismillah ya gane.

Abban Sultan: Na gode Baba Injiniya, Allah ya ƙara girma. Amma ni a hoto wallahi ban ga bambanci ba, har kibiyar maƙalin iri ɗaya ce. Kuma idon Baba ya yi rauni yanzu. Anti Maman Ilham, zan faɗa masa mana, amma ba yanzu ba, sai bayan biki. Yana da hawan jini.

Injiniya Mai Ritaya: Ba da ido ake gane alƙalami ba, da yatsu ne.

Ɗan Kasuwar Kwari: Ni dai abin da zan ce maka, ka guji gwanjon intanet. Bara na tura wa wani kuɗi kan agogon hannu, hotuna tas-tas, abin da ya iso ko fanko bai kai ba. Na yi ta rubuta masa ya toshe ni. Ga kuɗin canji, ga kuɗin aike, ga wanda na biya kafin a sako mini kayan. Har yau idan na tuna sai raina ya ɓaci. Tsohon abu sai ka riƙe a hannu. Sabo a kwalinsa aƙalla ka san abin da ka biya.

Barista Ummu Aiman: Baba Injiniya, tare da girmamawa, ka cika tsanantawa. Ni sabon nake amfani da shi, mai bakin zinarin, shekara biyu ke nan kullum yana jakata, rubutunsa sumul. Idan tawada ta ƙare ina tsakiyar aiki, katirij zan sauya in ci gaba, ba sai na nemi kwalba da tsumma ba. Murfin murɗawar ma ni ya fi mini, ba ya zarewa a jaka ya ɓata mini takardu. Ba kowa ne yake da lokacin jinyar alƙalami mai shekara 70 ba. Sai dai gaskiya ɗaya, in don a maye gurbin na mahaifinsa ne ba tare da ya sani ba, ba zai yi ba. Riƙonsa ma daban ne.

Injiniya Mai Ritaya: 'Yata, wace jinya? Nasa ƙirar Ingila ne na shekarun 1950, kusan tabbas Aerometric ne, tsarin da suka koma a 1948. Ka kwance jikin, za ka ga kwanson ƙarfe da 'yar jakar roba a ciki, an ma rubuta a jikin ƙarfen sau nawa za ka matsa, yawanci huɗu, na farko-farkon shida. Robar nan da suka sa wa suna Pli-Glass, akasarin waɗanda suka biyo ta hannuna har yau ta asali ce a ciki, ta yi baƙi da tawada amma tana aiki. Ka jiƙa shi a ruwan sanyi kwana ɗaya ko biyu, ka yi ta matsawa har ruwan ya fito fari, shi ke nan. Wanda ke buƙatar gwani shi ne Vacumatic na 1941 zuwa 1948, mai maɓallin famfo a gindi, don robarsa tana mutuwa kuma sai da mabuɗi na musamman ake ciro ta.

Kai kuma ɗana, tambayarka ce ma ba daidai ba. Ba sabo za ka saya ba, ba kuma musanya za ka yi ba. Ka sa ɗan baffanka ya samo tsohon Aerometric launin zoɓo, ko da murfinsa ya lotse, ko da jikinsa ya ƙarce, ya fi araha ma. A ciro kubensa da bakinsa a sa wa na kakanka. Ya kula kada ya sayo Demi, shi ƙarami ne, kuma kada a sayar masa da Parker 21 a ce 51 ne, suna kama amma robar 21 saurin tsagewa gare ta. A nemi ƙirar Ingila, don zoɓon Ingila da na Amurka ba su cika zuwa daidai ba. Kuben da ɗan zafi kaɗan ake kwance shi, ba da filaya ba. Wa ma ka kai wa ya taɓa?

Abban Sultan: Mai gyaran agogo ne a bakin kasuwa. Ya miƙe bakin da filaya, ya ɗiga gam mai kamawa nan take a tsagin. Ni a lokacin ruɗewa na yi, kuma mutumin ya taɓa gyara mini gilashi ya yi kyau, ba wai haka kawai na kai ba.

Injiniya Mai Ritaya: Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Gam! In ya gangara cikin haƙoran nan, ita ma sai an sauya ta.

Malam Na Tsangaya: Mu da muka tashi da alƙalamin gamba muna ta kallon ikon Allah. Ya karye ka fiƙe wani, ba hawan jini ba canjin fam. In tawada ce matsalar ku zo in ba ku tamu, wadda ba ta koɗewa shekara ɗari.

Injiniya Mai Ritaya: Allah ya gafarta Malam, a rufa mana asiri. Tawadarku akwai ƙaro a ciki, ga gari-garin baƙi. Tana bushewa a cikin irin wannan alƙalamin ta toshe shi kamar siminti. Quink, tawadar kamfanin Parker, ko makamanciyarta kawai, wadda aka yi don alƙalami mai sha.

Hajiya Babba: Ni ba alƙalamin ne ya tsaya mini a rai ba. Da mahaifinmu ya rasu, yayanmu ya ɗauki takobinsa da rediyonsa ya ce zai adana. Bayan shekara huɗu muka ji ya sayar wa masu sayen tsofaffin kaya. Ba kuɗin ne ya yi mana ciwo ba, ƙaryar da ya yi ta yi mana ce, kullum "suna nan a akwati." Yau shekara goma sha ɗaya sai dai gaisuwar Sallah. Yaro, ka je ka durƙusa ka faɗa masa yau. Faɗa zai yi, ya huce. Ramin ƙarya ƙurarre ne.

Abban Sultan: Hajiya, ai ni ban sayar ba, tsautsayi ne. Kuma ba ku san Baba ba ne. Ba ya faɗa, shiru yake yi, kuma shirun nan ya fi duka ciwo. Ba na so a yi bikin yana kallona haka.

Sadiq Ɗalibi: Yaya, me zai hana ka sayi Hero 616 na Sin? Kwaikwayon 51 ne, murfin zarewa, jakar matsawa, kuɗinsa bai kai na katin waya na wata ba. Ya riƙe kafin a gyara wancan.

Injiniya Mai Ritaya: A tsari ma ya fi kusa da na asalin a kan na 2021, wannan gaskiya ne. Amma sunan Hero na nan ɓaro-ɓaro a jikinsa, ina zai kai shi?

Maman Ilham: Ka ga kowa na ta kawo dabarar ɓoyewa. Ni tambayata, akwai wata alama a jikin na kakan naku?

Abban Sultan: Akwai sunansa da aka zana a jiki, ya ɗan goge amma ana karantawa. Na manta ban faɗa ba. Kuma gaskiya tun shekaranjiya na riga na tura wa ɗan baffana kuɗin sabon, mai bakin ƙarfe, har ya biya. Tunanina shi ne a samu mai zane ya sa sunan a jikin sabon. Ba wai ban ji shawararku ba, amma shi yana da tabbacin isowa kafin biki, tsohon kuwa sai an yi ciniki, an jira, a zo a nemi mai haɗawa.

Barista Ummu Aiman: To ai da ka faɗa tun farko. Ka riga ka yanke hukunci ka zo neman masu sa maka hannu.

Injiniya Mai Ritaya: Sunan na jiki, jikin kuma lafiyarsa ƙalau, ka ga maganata ta fito. Ɗan baffanka ya mayar da sabon a ba shi kuɗinsa tun bai buɗe kwalin ba. In kana kusa da Kaduna kawo mini, ina jin akwai kube ɗaya launin zoɓo a cikin tarkacena, sai na duba. Ka ɗauko hotonsa a kwance ka turo yanzu in ga inda gam ɗin ya kai.

Abban Sultan: Ba ya hannuna, Baba Injiniya. Yana wurin mai agogon, ya ce in bar shi ya bushe. Na koma jiya rumfar a rufe, maƙwabcinsa ya ce ya tafi garinsu ta'aziyya.

Ɗan Kasuwar Kwari: Kana da lambarsa?

Abban Sultan: Ban karɓa ba. Yanzu Umma ta kira ni, wai Baba ya ce in taho masa da alƙalaminsa ranar Juma'a zai fara rubuta sunayen waɗanda za a kai wa goro. Shi sabon, murfin nasa murɗawa nawa ne kafin ya buɗe? In ɗaya ne ko ɗaya da rabi ai ba lallai ya lura ba ko?