Babur ɗin tirayal yana shaƙewa in an ja totur, ruwansa kuma yana tafasa: ta ina za a fara?

Ɗan Gwammaja:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Shawara nake nema wajen waɗanda suka san babur ɗin tirayal, irin marar kujerar nan da ake hawa duwatsu da shi a tsaye. GasGas TXT Pro 250 ne, wanda ake haɗa masa fetur da baƙin mai a tanki, na hannu ne daga Turai. Yana tashi lafiya da cok, amma da an murɗa totur daga silo sai ya shaƙe kamar zai mutu, in kuma ya ɗauka sai ya ƙi sauka da wuri. Bayan minti ashirin a kan dutse ruwan lagireto yana zubowa ta ƙaramin tiyo. Tayar baya kuma kullum da safe a kwance take. An ba ni shawarar a sa jet (ɗan bututun da fetur ke bi a cikin kafireta) mai girma, a sa wa tayar tib, a bar murfin lagireto a sassauce. Kafin in yarda, me kuka gani?

Bakanike daga Ƙofar Ruwa:

Wa alaikumus salam. Malam, duka shawarwarin ukun ka ajiye su. Na Boxer ne da Jincheng, wannan mashin ba haka ake bi da shi ba.

Shaƙewa daga silo da ƙin sauka alama ɗaya suke nunawa: iska ta fi mai yawa. To ka lura da wani abu. An saita kafiretar ne don sanyin Turai, iskar Kano kuwa mai zafi ce, ba ta da nauyin tasu, don haka da komai lafiya yake sai dai man ya ɗan yi masa yawa, ba ya gaza ba. Tunda gazawa yake yi, ko dai ƙaramin jet ya toshe, ko iska tana shiga ta wata kafa. Babban jet ba zai gyara ko ɗaya ba, domin ba shi ke aiki a farkon totur ba.

Fara da filta. Cire soson, ka haska toci cikin robar da ta haɗa akwatin iska da kafireta, ka shafa yatsa. In ka ji gari-gari, ƙurar hunturu ta wuce filta, kuma ta isa fistin. Soson da kananzir ake wanke shi, sannan ruwan ɗumi da sabulu, a shanya a inuwa har ya bushe sarai. Fetur yana cinye gam ɗin da aka manne shi da shi. A matse shi a tafin hannu, kar a murɗa kamar wanki, yagewa yake yi. Sai a sa masa man filta, mai danƙon nan, ya ratsa ko'ina, a matse rarar, a shafa giris kaɗan a bakin da yake zama. Busasshen soso ba ya tare komai. Daga Disamba zuwa Fabrairu duk fita ɗaya wanki ɗaya ne, shi ya sa gara mutum ya mallaki biyu ko uku yana musanyawa.

Sai kafireta. Duba jikinta ka ga sunan. In Dell'Orto PHBL 26 ce, wadda aka fi gani a irin wannan, sukurun haɗi na mai ne: in ka kwance shi waje mai ya ƙaru. In Keihin PWK 28 ce, na iska ne: in ka kwance shi waje mai ya ragu. Mutane da yawa a nan suke ɓata aiki, suna juyawa baya alhali gaba suke nufi. Kafin ka cire shi, ɗaure shi a hankali har ya tsaya kana ƙirga zagaye, ka rubuta. Kar ka danne shi da ƙarfi, bakinsa siriri ne. Buɗe kwanon ƙasa, fitar da ƙaramin jet, ɗaga shi sama ka duba rana ta cikinsa. Ramin ya fito da'ira tsaf. In ya yi duhu ko ya karkace, fesa masa ruwan wanke kafireta ka hura da iska. Allura da wayar birki ba sa shiga wannan rami, faɗaɗa shi suke yi, daga nan saiti ya tafi har abada. Mashin da ya daɗe a kwantena fetur ya bushe a cikinsa, sau da yawa sai ka ga wani koren datti ya kama kwanon.

In ka mayar har yanzu yana ƙin sauka, bar shi a silo a fili, nesa da wuta, ka fesa ruwan wanke kafireta kaɗan a robar da ke tsakanin kafireta da inji. In muryarsa ta canza, robar ta tsage ko zoben ɗaurinta ya saki. In ba ta canza ba, sai a koma kan 'yan faifan da ke bayan robar, su kwanta lif ba tare da haske yana ratsawa ba. Na ƙarshe shi ne oyil sil na kiransha, wato zoben robar da ke hana mai da iska kutsawa cikin inji ta jikin kiransha. Shaidarsa hayaƙi mai kauri da man giya da ke raguwa ba tare da ɗiga a ƙasa ba.

Kar ka ci gaba da hawa a haka. Injin da mai bai ishe shi ba zafi yake ɗauka, kuma yana iya zama rabin dalilin tafasar ruwan.

Na Sharaɗa:

Oga ya gama magana a kan kafireta. Zan ɗora a kan ruwa.

Wannan babur tafiyar ƙafa yake yi a kan dutse, iska ba ta dukan lagireto kamar na titi, saboda haka rayuwarsa tana hannun 'yar fankar da ke bayan lagireton. Ka taɓa jin ta tashi? Tana da makunni mai jin zafi, wayoyi biyu ne suke fita daga jikinsa. Tayar da inji, zare wayoyin biyu ka haɗa su da juna. In fanka ta juya, makunnin ne ya mutu. In ba ta juya ba, cire wayoyin fankar ka ɗora su kai tsaye a batir mai bolt 12. Ta juya, to laifin na rektifaya ne, wato abin da ke daidaita wutar da fanka ke sha, ko wayar as da ta yi tsatsa, domin babur ɗin ba shi da batir, daga kwayil wutar take zuwa. Ba ta juya ba, motar fankar ce. Kafin sabon makunni ya iso ana iya barin wayoyin a haɗe fanka ta yi ta aiki, ya fi a bar ta a mace nesa ba kusa ba.

Sassauta murfi kuwa ƙara ta'azzara abin yake yi. Matsin da murfin yake riƙewa shi ke hana ruwa tafasa da wuri. Ruwan duka bai kai lita ɗaya ba, in kofi guda ya zube ka yi asarar kaso mai yawa. Kar a zuba na rijiya ko na burtsatse, yana barin farin gishiri a cikin siraran hanyoyin. Kulan, wato ruwan sanyaya inji, na mota wanda aka riga aka haɗa, ko rabi kulan rabi tataccen ruwan da ake ƙara wa batir. A kula, tataccen ruwa, ba asid ba. Kuma ba a buɗe murfi sai inji ya huce.

Abu biyu da za ka duba tun inji yana sanyi. Buɗe murfi ka tayar, in kumfa tana ta tasowa ba ƙaƙƙautawa, zoben robar kan silinda ya ƙone. Sannan leƙa 'yar tagar gilashin man giya. In man ya koma fari kamar an dama madara, sil ɗin famfon ruwa ya saki, kuma wannan sanannen ciwon injin Pro ne. A canza sil ɗin, a duba sandar da yake zama a kai ko ta yi zaizaya, a zubar da man sau biyu kafin a bar na ƙarshe.

Ɗan Gwammaja:

Allah ya saka da alheri. Dell'Orto ce, ƙaramin jet ɗin a toshe yake, soson kuma a bushe. Da na haɗa wayoyin fanka ta tashi. Man giya ja ne, bai yi fari ba. Saura taya, da kuma yawan baƙin man da ya kamata a zuba a fetur, domin an ce in ƙara saboda zafi.

Bakanike daga Ƙofar Ruwa:

Madalla. Jan man nan ATF ne, man giyar mota otomatik, masu irin wannan injin da yawa shi suke sa wa, don kulocin ya fi saki da shi. Wajen mililita 400 yake ci, ka bi tsakiyar tagar gilashin babur yana tsaye daidai.

Baƙin mai na fetur, masu ƙera waɗannan babura suna ba da kashi 1.5 zuwa 2 cikin ɗari. Wato mililita 15 zuwa 20 a kowace lita, jarkar lita 5 ta ɗauki 75 zuwa 100. Sirinji za ka saya a kemis ka riƙa aunawa, ba murfin gora ba. Man ya zama 2T mai alamar JASO FD a jikin robar. Baƙin man mota da ake zuba wa ƙaramin janareta ba ya shiga nan. Ni a ganina da mai mai kyau 15 ta isa, domin injin yawanci a ƙasa-ƙasa yake aiki, rarar ba ta ƙonewa, sai ta taru a salansa ta jiƙe audugar ciki ta riƙa ɗiga baƙi, fulogi ma ya yi ta mutuwa. A jarka ake haɗawa a girgiza kafin a zuba. Fetur daga gidan mai, ba na galan a bakin titi ba, kuma a tace shi.

Na Sharaɗa:

Oga, a nan zan ɗan saɓa maka. Injin da ƙura ta riga ta shiga, ba mu san halin ringinsa ba, ga Afrilu tana tafe da zafin da ke haura digiri 40. Ni 20 zan ce ya zauna a kai har sai an buɗe an ga fistin. Wanke salansa ya fi sayen silinda sauƙi. Abin da na yarda da kai shi ne kar a wuce hakan, kuma in an zaɓi ɗaya a tsaya a kai sannan a saita kafireta, kar yau 15 gobe 30.

Hajiya Mai Taya:

Sannunku da ƙoƙari. Ɗan'uwa, kar ka bari a sa tib a bayan nan. Tayar baya 4.00-18 ce marar tib, ta gaba 2.75-21 ita ce mai tib. Ana hawa da iska kaɗan ƙwarai, wajen psi 4 (ma'aunin iskar taya) a baya, 6 a gaba, don tayar ta lanƙwashe ta rungumi dutse. Da wannan iskar in akwai tib, taya tana zamewa a kan rim ta fizge bawul. Gejin mai faci ba ya karanta ƙasa da goma da kyau, ka nemi ƙarami mai tsayawa a 15. Auna kafin ka fara, ka sake aunawa bayan minti goma sha biyar, dutse mai zafi yana ƙara mata iska.

Don gano inda take zuba, hura ta zuwa 20, kaɗa ruwan omo ka shafa a wuri huɗu: gindin bawul, gefen taya inda ta haɗu da rim, kan kowane sifok, sai fuskar tayar. In kumfa ta fito ta sifok, robar da ke kwance cikin rim ta rufe kawunansu ce ta tsufa ko datti ya shiga ƙarƙashinta. Sai an cire taya, a goge kwarin rim ɗin tas, a zaunar da sabuwar roba da ruwan sabulu. In ta fuska ce, ƙaya ce, kuma dajinmu ba ya rabo da ta aduwa da bagaruwa. Facin igiya irin na mota yana riƙewa. Tsagar gefe ce ba ta da magani mai ɗorewa. Michelin da Dunlop D803 su ne aka sani a wannan wasa, robarsu laushi gare ta, kwalta tana cinye ta cikin 'yan kwanaki. In za ka Rano ko wani wuri mai duwatsu, ɗora shi a a-kori-kura.

Tunda sabon hannu ne, ga abin da ake yawan ɓatawa. Kulocin na ruwa ne. Karanta murfin 'yar tukunyar da ke kan kan babur: in kore ne ko an rubuta mineral, man ma'adini yake sha, in an rubuta DOT 4 to man birki ne. In aka sa DOT a na ma'adini robobin ciki suna kumbura kuloci ya daina saki. Birki duka biyu DOT 4 ne. Kik kuma ba a dira masa daga sama, haƙoransa ƙanana ne. Taka a hankali har ka ji ya kama, sannan ka tura gaba ɗaya.

Kayan jiki, hular kwano ta tirayal buɗaɗɗiyar fuska ce marar nauyi don ka ga inda tayar gaba take sauka, ka duba alamar ECE, shaidar inganci ta Turai, a igiyarta. Takalmin ya rufe ƙwauri, tafinsa shimfiɗaɗɗe mai lanƙwasuwa don ƙafa ta ji matakin. Na tseren ƙasa ya cika tauri. Safar hannu siririya, da makarin gwiwa. Sai igiyar kashe inji mai maganaɗisu da ake ɗaurawa a wuyan hannu, wadda in ka faɗi take fizgewa inji ya mutu. A gasar duniya ba a shiga fili sai da ita. In babu ita, babur yana iya kwanciya totur a maƙale cikin ƙasa, inji ya yi ta ihu har ya kama.

Bakanike daga Ƙofar Ruwa:

Hajiya ta faɗi gaskiya. Malam, tunda soson a bushe ka same shi, kafin ka sake fita cire bututun salansa daga bakin silinda, noti biyu ne, ka haska toci ta ramin kana juya inji da hannu a hankali. Fistin ya kasance sumul, ringi suna motsi in ka ɗan taɓa su da tsinke. In ka ga layuka a tsaye waɗanda farce yake kamawa, tsaya nan, a buɗe kai a auna. Jikin silindar shafe yake da wani ƙarfe mai tauri, ba a kai shi wajen masu boring kamar na Boxer, sai dai a sake shafa shi ko a canza. In sumul yake, sa sabon fulogi NGK BPR5ES, tazarar bakinsa milimita 0.6, mayar da sukurun haɗi inda ka ƙirga, bari inji ya yi zafi har fanka ta yi aiki, sannan ka riƙa juya shi rubu'in zagaye kana gwada totur daga silo har shaƙewar ta ɓace.